Da Wane Izini Hannu Ke Sauka A Jikin Majinyaci?

Maganar wannan mako ta shafi wani fannin ilmi ne wanda jama'a suka san ƙofar ɗakinsa a asibiti, amma kaɗan ne suka san wuyar da ake sha kafin a sami izinin tsayawa a cikin ɗakin. Shi ne fannin da Turawa ke kira fisiyoterafi, Larabawa kuma suna ce masa al-ilajuɗ ɗabi'i, watau magani ta hanyar motsa jiki da tausa da zafi da sanyi, ba da ƙwaya ko wuƙar fiɗa ba. A asibitocin ƙasar Hausa an taƙaita sunan, a kan ce an tura wane gashi, shi kuwa mai aikin a ce masa likitan gashi ko likitan fisiyo.

A Amurka, tun daga shekarar 2016, babu makarantar da aka yarda ta yaye mai wannan sana'a sai a matakin digirin dakta, wanda ke gaba da digirin farko. Watau sai mutum ya gama jami'a tukuna, ya nuna ya ci darussan sanin ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, sa'an nan ya sake zama ɗalibi na wajen shekara 3. A cikin waɗannan shekaru akwai aƙalla mako 30 da zai yi a asibiti ƙarƙashin idon wani gwani, kana ya zauna jarrabawar ƙasa ta neman lasin. A Ingila hanya biyu ce. Wanda ya fito daga sakandare ya kan yi shekara 3, wanda kuwa ya riga ya sami digiri a wani fanni na kusa, ya ga daga baya cewa nan zuciyarsa take, sai ya shiga kwas na digiri na biyu mai shekara 2 wanda aka matse shi ƙwarai, hutunsa kaɗan. Ko ta wace hanya ya bi, dole ya cika sa'o'i 1,000 na aiki da majinyata kafin a rubuta sunansa a rajista, kuma laifi ne a dokar ƙasar mutum ya kira kansa da sunan sana'ar in ba ya cikin rajistar. A Nijeriya, inda Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirin a 1966, a da an saba da shekara 5 a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki, sa'an nan rajista da hukumar da aka kafa da dokar soja a 1988. Karatun gaba da digiri a nan na waɗanda suka riga suka shiga sana'ar ne, suna neman zurfafawa a ɓangaren yara ko na jijiyoyi ko na ƙashi.

Wanda ya ji wannan lissafi na shekaru, abin da zai fara zuwa bakinsa sananne ne: duk wannan domin tausa? Ga tsohuwa nan a kowane gida tana yi wa mai jego tausa da ruwan zafi, ba ta taɓa shiga aji ba. Ga maɗori ya gaji sana'arsa wurin ubansa, ana ɗauko masa mai karaya daga gari ya gari. Me zai sa mutum mai digiri a hannu, wanda ya isa ya nemi aiki ya yi aure, ya koma ya zauna a benci shekara biyu ko uku, yana kashe kuɗi maimakon samu, domin ya koyi miƙe ƙafar wani? Wasu su kan ɗauka son suna ne, wasu su ce dabarar jami'o'i ce ta tatsar kuɗi. Akwai ɗan abin dubawa a cikin zargin, za a zo gare shi. Amma a ƙarƙashin tambayar shekaru akwai wata tambaya da ta fi ta nauyi, wadda malaman fiƙihu suka daɗe da yi: da wane izini ne hannun wani mutum ke sauka a jikin wani?

Asalin hukuncin jikin ɗan Adam a shari'a shi ne hani. Jiki hurumi ne, ba a yanka shi, ba a murɗa shi, ba a buɗe abin da aka umurta a rufe daga gare shi. Shi kansa mai jikin riƙon amana yake yi masa. Da wani zai kama hannun mutum a kasuwa ya lanƙwasa shi har ya yi ƙara, sai a kai shi gaban alƙali. To, ga mai aikin gashi yana yin haka ɗin sau ashirin a wuni, majinyaci na kuka yana cewa a ƙara daurewa, 'yan'uwa na tsaye suna yi masa godiya. Aikin hannun iri ɗaya ne. Abin da ya raba su, a wurin malamai, shi ne yardar majinyaci ko waliyyinsa, da nufin gyara, da rashin ƙetare iyaka, da kuma sani. Wannan na ƙarshe shi ne wanda aka fi saurin mantawa da shi, alhali kuwa sauran ukun sun rataya a kansa.

Akwai hadisi a littattafan Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah wanda ma'anarsa ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Ita wannan kalma ta lamuni Balarabiya ce, harafin lodi ne ya koma lam a bakin Bahaushe kamar yadda ya yi a larura da lamiri da alƙali, ma'anarta kuwa ɗaukar nauyin ɓarnar da ta auku. Ibn Rushd a cikin Bidayatul Mujtahid ya ambata cewa ba a yi saɓani ba a kan lamunin wanda ba ma'abucin sanin magani ba ne, domin ya yi ta'addi. Ibnul Ƙayyim kuma a cikin Zadul Ma'ad ya kasa masu magani kashi biyar ta fuskar lamuni. Gwanin da ya ba aiki haƙƙinsa, hannunsa bai kauce ba, aka kuma yi masa izini, in wani abu ya faru babu kome a kansa. Jahilin da ya ruɗi majinyaci har ya zaci gwani ne, wannan yana ɗauke da abin da hannunsa ya jawo.

Mai karatu ya lura da wani abu a nan. Ba a tambayi jahilin nan ko yana da kyakkyawar niyya ba. Mai yiwuwa ne tausayi ya kawo shi, mai yiwuwa ne ko kwabo bai karɓa ba, duk da haka lamuni na kansa. Dalili kuwa shi ne yardar da majinyaci ya ba shi an gina ta a kan zaton da ba gaskiya ba. Majinyaci ya miƙa ƙafarsa ne ga sanin da yake tsammani yana cikin kan mutumin, in sanin babu shi, to, ashe babu wanda aka ba izinin. Saboda haka ilmi a wannan fage sharaɗi ne na halaccin taɓawar kanta, kamar yadda tsarki yake sharaɗi ga salla.

Magabata ba su bar wannan magana a cikin littafi kawai ba. A shekara ta 319 bayan Hijira, watau 931, labari ya kai ga Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani. Sai ya ba da umurni kada kowa ya ƙara yin aikin sai wanda babban likita Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi takarda, aka ce waɗanda aka jarraba sun haura 800. A ƙarni na 12 kuma, Shaizari ya rubuta littafinsa Nihayatur Rutba a kan aikin hisba, ya keɓe magana a kan masu ɗori. Ya sharɗanta cewa kada a bar maɗori ya taɓa karaya sai ya san adadin ƙasusuwan jikin mutum da surar kowane ɗaya, domin in ya goce ya san inda zai mai da shi. A lissafin zamaninsu ƙasusuwan 248 ne, a lissafin yau 206 ne ga baligi, amma manufar ba ta sake ba. Haka nan Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ware babi a littafinsa Al-Ƙanun a kan motsa jiki da tausa, ya rarrabe mai ƙarfi da mai taushi, mai tsawo da gajere, da wanda ya dace da kowane jiki. Kalmar da ya yi amfani da ita, dalku, ita ce dai wadda ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya sani a babin alwala da wanka da ma'anar cuɗawa.

Abin mamaki, ita kanta sana'ar a surarta ta zamani, wannan tambaya ce ta haife ta. A Landan, cikin 1894, mujallar ƙungiyar likitocin Biritaniya ta tona cewa wasu gidaje masu tallan tausa gidajen banza ne aka lulluɓe da sunan magani. Abin ya zama abin kunya har mata masu yin aikin da gaskiya suka rasa inda za su sa kansu. Sai wasu mata huɗu, ma'aikatan jinya da ungozomomi, suka kafa ƙungiyar masu tausa da aka horar. Suka sa jarrabawa a kan sanin ƙirar jiki, suka ɗaure kansu da dokoki: ba a karɓar majinyaci sai da umurnin likita, ba a talla a jaridun gari, ba a yi wa namiji tausa sai in likita ya nema saboda larura. Maza ba su sami shiga ƙungiyar ba sai a 1920, shekarar da ta sami takardar amincewar sarauta. Waɗannan mata ba su karanta Ibn Rushd ba, amma da aka tuhumi hannunsu, abin da suka kare shi da shi jarrabawa ce da iyaka da shaidar masana.

Dalilin da ya sa tambayar ta fi tsanani a kan mai aikin gashi bisa ga sauran ma'aikatan asibiti a fili yake. Likitan da ke rubuta magani ya kan taɓa majinyaci na ɗan lokaci, mai fiɗa kuma yana aiki a kan wanda aka sa barci, ga mutane kewaye da shi. Shi kuwa wannan, hannunsa shi ne kayan aikinsa. Zai riƙe kafaɗa ko ƙugu ko cinya na rabin sa'a ko fiye, majinyaci yana farke, yana jin kunya, yana jin zafi, kuma za a maimaita haka mako bayan mako, wani lokaci har wata shida. Wanda ake taɓawar sau da yawa ba ya iya ture hannun da bai yarda da shi ba, wani ma shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Ba a cika samun inda ɗan Adam ke miƙa kansa ga wani kamar haka ba.

To, me ake koyo a waɗannan shekaru da tsohuwar gida ba ta sani ba? Misalai kaɗan za su wadatar. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, tsokokin da ke riƙe kafaɗarsa sun saki. 'Yan'uwa masu ƙauna su kan kama wannan hannu su ja shi domin su tayar da shi zaune, da haka kan ƙashin ke zamewa daga gurbinsa, a bar shi da ciwon kafaɗa mai hana barci wanda kuma ke hana shi atisayen da zai taimake shi. Wanda ya daɗe a kwance, sha-raɓarsa ta kumbura ta yi zafi, hankalin kowa zai ba shi a murza wurin. Alhali mai yiwuwa ne gudan jini ne ya daskare a jijiya, murzawa na iya ɓamɓaro shi ya tafi huhu, mutum ya cika nan take. Mai ciwon sukari ko wanda lakarsa ta taɓu, fatarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata, in aka gasa masa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi sai ya ƙone bai sani ba, ƙunar ta zama gyambo. Ciwon baya kuma, mafi yawansa motsi ne maganinsa, amma akwai wanda ke zuwa da rama da zazzaɓi da tsananta cikin dare, wanda kan zama tarin fuka ne ya ci ƙashin baya ko kuwa ciwon daji. Akwai wanda ke zuwa da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da rikicewar fitsari, wannan ɗakin fiɗa yake bukata cikin gaggawa. Duk wanda ya danna irin wannan baya da gwiwa, yana iya mai da mai tafiya gurgu.

Ashe rabin abin da ɗalibin ke koya shi ne sanin lokacin da zai janye hannunsa ya ce wannan ba nawa ba ne. Sauran rabin shi ne sanin yadda jiki ke warkewa. An gano cewa ƙwaƙwalwar da ta sami rauni tana iya sake koyon motsi ta wasu hanyoyi in aka yi ta maimaita aikin, kuma mafi yawan abin da mai shanyewar ɓarin jiki zai farfaɗo da shi yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko. Iyalin da suka ɓatar da waɗannan watanni suna shafe-shafe a ɗaki, majinyaci na kwance ba a motsa shi, sun yi hasarar abin da ba ya dawowa da sauƙi, gaɓoɓi kuma su ƙage a lanƙwashe. Abin da ake nema a ƙarshe ƙananan abubuwa ne a ido: mutum ya kai loma bakinsa, ya shiga makewayi ba a riƙe shi ba, ya cuɗa gaɓoɓinsa a alwala da hannunsa, ya kai goshi ƙasa. Wanda bai taɓa rasa su ba ba zai san girmansu ba.

Akwai wata fuska ta biyu da sani ke shiga cikin hukunci. Malamai sun yarda larura na halatta duba al'aura da taɓa ta domin magani, amma sun ƙayyade cewa ana auna larura da gwargwadonta. To, wa zai auna? Wanda bai san inda ciwo yake ba, sai ya buɗe ko'ina ya lalube ko'ina. Wanda ya sani, ya san cewa wannan gwaji ana iya yinsa a kan tufafi, wancan kuwa gwiwa kaɗai yake bukata a buɗe, sauran jiki a rufe da mayafi. Ya san abin da lalle sai hannunsa, da abin da zai iya koya wa ɗiyar majinyaciya ta riƙa yi mata a gida. A makarantun wannan fanni har darasi ake yi a kan yadda ake lulluɓe majinyaci, da yadda ake gaya masa abin da za a taɓa da dalilin taɓawar kafin a taɓa, da haƙƙinsa na cewa a tsaya. Ilmi ne ke rage yawan abin da ake buɗewa, jahilci kuwa ƙara shi yake yi ko da mai shi salihi ne.

Sai dai kada a zarce. Takarda ba ta sa tsoron Allah a zuciya. A Amurka ɗin nan mai tsawon karatu, a 2018 aka yanke wa Larry Nassar, likitan 'yan wasan motsa jiki na ƙasar, ɗaurin shekaru masu yawa, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a kotu sun faɗi yadda ya ci amanarsu da sunan magani. Ilminsa ne ma ya zama masa labule, domin in yarinya ta yi ƙorafi sai a ce ai ba ta fahimci irin maganin ba ne. Saboda haka sani sharaɗi ne, amma bai isa shi kaɗai ba. Shari'a ta hana keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, ba ta kuma togace malami ko likita ba. Hukumomin sana'ar su ma sun kai ga ba majinyaci haƙƙin neman mutum na uku a ɗaki, da soke sunan wanda ya ci amana daga rajista. Mai aikin da ya ji haushi don an ce a bar ƙofa a buɗe ko a shigo da 'yar'uwa, bai gama karatunsa ba ko da digirinsa nawa.

Game da zargin tsawon shekaru kuwa, gaskiya ita ce shari'a ba ta san wani adadi ba. Abin da ta nema shi ne ƙwarewar da masana suka shaida. Ingila na yaye gwanaye a shekara 3 bayan sakandare, Amurka na neman kusan 7, ba kuwa wanda zai ce majinyatan Ingila a hannun jahilai suke. Ɗalibin Amurka sau da yawa ya kan fito da bashin da ya haura dala 100,000 a wuyansa, wanda ke tilasta masa neman aiki inda kuɗi yake, ba inda bukata take ba. In aka ƙara shekara domin akwai ilmin da majinyaci zai amfana da shi, an yi daidai. In kuwa an ƙara ta ne domin a riƙa kiran mutum dakta, aka rufe ƙofa ga ɗan talaka alhali ƙauyuka ba su da ko mutum ɗaya, to, wannan ma akwai tambaya a kansa ranar gobe. Ta wannan fuska kwas ɗin shekara 2 na Ingila yana da hikima, domin yana lissafa abin da mutum ya riga ya sani, ba ya sa shi ya koma farko. Wanda ya shige shi bayan digirinsa bai yi wauta ba, kuɗin izinin taɓa jikin mutane yake biya da shekarunsa.

Shi ma maɗori a yi masa adalci. Hadisin bai ambaci takarda ba, ya ambaci a san mutum da sanin. A garin da kowa ya san kowa, shaidar dattawa a kan wanda ya shekara talatin yana ɗori shaida ce, akwai kuma karayar da ya iya da ita ƙwarai. Amma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna ganin yaran da aka ɗaure wa hannu da kara tamau har jini ya daina gudu, aka kawo su hannun ya yi baƙi, babu abin yi sai yankewa. Maɗorin da ya san iyakarsa ya tura irin wannan asibiti tun da wuri yana cikin ma'abuta sani. A birni kuwa, inda mutum ke buɗe shago ya rataya allo ba wanda ya san asalinsa, rajista ita ce ta tsaya a matsayin shaidar dattawa, kuma haƙƙin iyali ne su tambaya kafin su miƙa majinyacinsu.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi ɗaci. A 1993, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai ta yanke hukunci a kan namiji ya yi wa mace magani. Ta jera abin kamar haka: a fara neman ƙwararriya Musulma, in babu sai wadda ba Musulma ba amintacciya, in babu sai likita Musulmi, sa'an nan wanda ba Musulmi ba, da sharaɗin kada ya duba fiye da bukata, kuma a sami muharrami ko miji ko amintacciyar mace a wurin. Majalisar ta kuma yi kira ga hukumomi su ƙarfafa mata su shiga fannonin likitanci domin kada togaciya ta zama ita ce doka. Jama'a sun riƙe rabin farko na wannan hukunci da kyau, rabin na biyu ne aka bari a ƙasa.

Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan da ransu. Hawan jini na kayar da iyaye mata a tsakar gida. Wadda ta yi doguwar naƙuda, ban da yoyon fitsari, ta kan tashi da ƙafa tana ja saboda jijiyar da kan jariri ya danne, jaririn da aka jawo da ƙarfi kuma ya kan zo da hannu a sake. Da yawa daga cikin waɗannan mata, in aka ce namiji ne zai riƙa kama ƙafarsu, su da mazansu sun gwammace a zauna a gida, watannin nan masu tsada su wuce. Ba za a zarge su da kunya ba, kunya alheri ce. Amma magidancin da ya ce namiji ba zai taɓa matarsa ba, sa'an nan ya ce ɗiyarsa ba za ta yi karatun shekara shida ba domin ya yi tsawo, ya kamata ya faɗi ɗiyar wa yake jira ta yi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya kuma yi kukan cewa a zamaninsa a kan sami gari babu likita Musulmi ko ɗaya alhali mutane na rububin zurfafa a mas'alolin saɓani. Farillar kifaya kuwa, in ba wanda ya tsaya da ita, laifin na hawa kan duk mai iko a garin. Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Rufaida tana da hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Ba a ce hanyar ba ta da ƙaya ga ɗaliba mai kamun kai ba. A wannan fanni ɗalibai a jikin junansu suke fara koyo, wannan ya laluɓi ƙashin kafaɗar wancan, domin ba a fara gwaji a kan majinyaci. A asibitocin Ingila kuma akwai ƙa'idar barin hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa saboda tsabta, ko da yake tun 2010 aka ba da damar sa hannun riga na yarwa ga mai uzurin addini. Waɗannan abubuwa ne da ake iya daidaitawa in an yi magana tun farko: a haɗa mace da mace a darasin gwaji, a sa labule, a sa tufafin da ke bayyana gaɓar da ake nazari kaɗai. Inda ɗalibai mata suka yi yawa a aji, daidaitawar ta kan zo da sauƙi, inda mace ɗaya ce tilo nan ne ake shan wuya.

Ana koyar da fannin a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri, ba sai an ƙetare teku ba. Sai dai ƙofar shigarsa darussan kimiyya ne, ilmin halittu da na sinadarai da fizis, waɗanda ake zaɓa tun yarinya na gama aji uku na ƙaramar sakandare, tana 'yar shekara 14 ko 15. A wannan shekara ce ake yanke ko bayan shekara goma za a sami mace a ɗakin gashi na babban asibitin garin, kuma galibi uba ne ke yankewa.